Tiren Biskit ɗin Gyaɗa

A hunturuna na biyu a Guangzhou, ana saura kwana uku bikin sabuwar shekarar mutanen garin, tsohuwar da muke maƙwabtaka da ita a wani gidan bene a unguwar Xiaobei ta kira ni mu gasa biskit ɗin gyaɗa. Saboda ni ta ajiye kitsen alade, ta kwaɓa da man gyaɗa.

Ina fito da tire na biyu daga wuta ke nan, sai ɗanta ya banko ƙofa yana warin giya. Ban fahimci abin da ya nema ba, amma na gane amsarta: "Meiyou," wato babu. Ya shaƙe ta, ya gwara kanta da bango har goshinta ya fashe. Ban san lokacin da na maka masa tiren nan mai zafi a fuska ba. Ya kurma ihu ya zube, na ƙara masa a gadon baya.

Tsohuwar ta rarrafa ta rungume shi, jini na zuba a idonta, tana nuna mini ƙofa. Na fita. Mun ƙara shekara guda a gidan, amma ko a matakala muka haɗu sai ta kau da kai.