Shatin Hannu a Bindigar Arlo Brekke

Arlo Brekke mai gyaran shinge ne, kuma da wannan sana'a ya rayu har ya koma ga Mahaliccinsa. Duk makiyayin da waya ta tsinke masa a yankinmu na gabashin Montana, ko dusar ƙanƙara ta kwantar masa da turaku, Arlo zai nema. Dogo ne siriri. Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa saboda ƙarar harbi, shi ya sa in ana yi masa magana sai ya karkato kai kamar zakara. Abokina ne tun muna 'yan makaranta. Mun binne shi bana, lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa, kuma har yau in na ji kukan tsohuwar mota a ƙofar gida sai na ɗaga labule.

Ba ya shan giya, ba ya caca. Abu ɗaya ne ya shiga ransa: tsofaffin bindigogi masu mariƙi, irin waɗanda ake ture ƙarfen ƙarƙashinsu a dawo da shi, kwanso ya yi tsalle ya fita, sabon harsashi ya hau. Ya tara su a bangon ɗakin baya, wata ya samo a gwanjon gidan mamaci, wata ya karɓa a madadin ladan aiki. Matarsa Jonelle, Allah ya ji ƙanta, takan tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu ta ce, "Da ina da mariƙi, da ni ma an riƙa shafa mini mai duk Lahadi." Shi kuwa sai ya juya mata mataccen kunnen, yana murmushi.

Masu tara irin waɗannan bindigogi suna da doka ɗaya da ba sa wasa da ita. Tsatsa ake cirewa, tsufa ba a taɓa shi. Kowane ƙwarzane a jikin katako, kowane wurin da baƙin rinin ƙarfe ya koɗe, a wurinsu labari ne. Arlo ya riƙe wannan doka fiye da kowa, kuma yana da dalili.

A tsakiyar bangon akwai wata gajera, ita ce mafi muni a cikinsu. Ta mahaifinsa ce, Nils, wanda ya rasu Arlo bai gama firamare ba. Nils ya yi rayuwarsa a kan doki yana bin shanun wasu, bindigar nan a hannu. Daidai tsakiyarta, inda ake riƙewa in ana tafiya, baƙin ya koɗe ya koma fari fat kamar azurfa, har ana iya ganin inda tafin hannu ya kwanta da inda babban yatsa ya zagayo. Arlo bai tuna muryar mahaifinsa ba. Amma in ya ɗauki bindigar, hannunsa kan faɗa daidai cikin wannan shati. Bai taɓa faɗa wa kowa abin da yake ji ba. Mu da muka san shi ba mu tambaya ba.

Duk Asabar muna haɗuwa a tsohon ramin tsakuwa da ke bayan gari. A can aka jera dabbobin ƙarfe na gwajin harbi, kaji a kusa, aladu da talotalo a tsakiya, raguna can nesa. Wanda ya kayar da rago shi ne gwani, wanda ya kasa shi zai sayi kofi. Hollis, mai shagon taya, shi ne sarkin tsiya.

"Arlo, ka ɗan matsa kusa mana, ko ka jefe shi da dutse. Ragon nan har ya fara kiwo."

"Me ka ce?"

"Na ce ka iya harbi!"

"Na sani ai."

A wannan rami Darla ta koyi harbi, da bindigar kakanta. Ita kaɗai ce 'yar Arlo da Jonelle. Tun kafaɗarta ba ta ƙosa ba take kayar da raguna, Arlo na tsaye a bayanta yana cije leɓe don kada a ga yana dariya. Da ta girma ta tafi Billings ta zama ma'aikaciyar jinya. Bayan rasuwar Jonelle takan tuƙo mota ta zo duk ƙarshen wata, ta cika masa firji, ta yi masa faɗan cin gishiri, ta zubar da tsofaffin kofuna. Darla mace ce da ba ta iya ganin abu ya lalace ta bar shi. Aikinta ke nan, halinta ke nan.

A kakar da Arlo zai cika saba'in, ta ce ya ara mata bindigar Kaka za ta farautar barewa. Ranar Asabar ya iso rami yana tafiya kamar wanda aka yi wa sarauta.

"Yarinyar nan ta ɗauki ta Baba," in ji shi. "Ba ta ce wata ba, ita ta ce."

Hollis ya ce, "To, Allah ya ji ƙan barewar Billings. Ita dai ba irinka ba ce."

An yi bikin cikarsa saba'in a ɗakin taro na coci da rana. Akwai naman barewa da wake, matan coci sun kawo kek ɗin tuffa. Bayan an ci, Darla ta fito da wani dogon kwali ɗaure da jan zare ta ajiye a gabansa. Fuskarta kamar ta yarinya ranar Kirsimeti.

Arlo ya buɗe. Bindiga ce baƙa wuluk tana ƙyalli, katakon ya yi sumul yana ɗaukar ido kamar an zuba masa zuma. Matan suka yi tafi. Mu maza na rami babu wanda ya motsa, domin mun gane ta tun kafin shi. Ba farauta Darla ta je ba. Wurin wani mai gyaran bindiga ta kai ta a birni, ya goge ƙarfen ya sake rina shi, ya kankare katakon ya shafe. An ce mutumin ya ja mata kunne, ta ce ta san abin da take yi, kyauta ce za ta yi wa mahaifinta.

Arlo ya juya ta, ya duba lambar da ke ƙasa. Ya kai hannu tsakiyarta ya riƙe. Ya daɗe a haka.

"Baba, ka gan ta? Kamar ranar da Kaka ya saye ta."

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya yi ihu, da ya fi sauƙi.

"Kin wanke hannun ubana," ya ce. "Abu ɗaya ya bar mini, kin wanke shi."

"Baba, ni dai na ga ta tsufa ne, na ce..."

"Wa ya aike ki? Ni ma na tsufa. Sai ki kai ni a kankare."

A gaban mutanen gari duka ya faɗi haka. Darla ta tsaya, jan zaren na hannunta. Ta naɗe shi a yatsa, ta warware. Sannan ta ɗauki jakarta, ta yi wa matan coci godiya ɗaya bayan ɗaya, ta fita.

Ba a ce sun daina magana ba. Ta ci gaba da kiran waya ranar Kirsimeti da ranar tunawa da mahaifiyarta. Sai su yi zancen sanyi, da farashin ciyawa, da ko yana shan maganinsa. Amma motarta ba ta ƙara tsayawa a ƙofar gidan ba. Firjin ya koma gwangwanayen wake.

Arlo ya san ya yi kuskure tun kafin a kwashe kwanonin bikin. Abin da bai sani ba shi ne yadda ake buɗe baki a faɗa. Mutum ne da zai yi tafiyar yini ya ɗaure wa maƙwabci shinge kyauta don kada ya ce masa yi haƙuri. Mun yi masa magana, ba sau ɗaya ba.

"Ka ɗaga waya ka kira 'yarka, tsoho."

"Zan kira."

"Yaushe?"

"In na sami abin da zan ce."

Wata Asabar sai ga shi da bindigar a rami. Tun bikin ba mu ƙara ganinta ba. Bai harba ta ba, riƙe ta kawai ya yi, a tsakiya, har muka tashi. Mako na gaba ma haka. Daga nan aka fara ganinsa a bakin shingaye, guduma a ɗamara, bindiga a hannu, ba safar hannu ko da sanyi na yanka fata. Mutane suka ɗauka kyarkeci yake tsoro.

A motarsa ya faɗa mini dalili, muna shan kofi, yana kallon gaba.

"Na yi tunani. Ranar da Baba ya saye ta, haka take, baƙa. Yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Baba ne ya sa mata hannu. To ni ma zan sa nawa. In ya fito sosai, sai in kai mata har Billings in ce ga hannun ubanki, ki riƙe. Ba sai na yi dogon bayani ba. Za ta gane."

"Arlo, babanka shekara nawa ya yi kafin nasa ya fito?"

Ya juya mini mataccen kunnen.

Rinin zamani kuwa ba irin na da ba ne, ba ya koɗewa da wuri. Hunturu ya wuce, wani ya zo. Hollis ya kasa haƙuri.

"Kai, kawo ta shago in ɗan goga mata takardar yashi. Kafin kofi ya huce hannunka ya fito, har da na kakanka in kana so."

"Ƙarya ke nan," in ji Arlo. "Ba zan kai wa 'yata ƙarya ba."

"To kai mata gaskiya mana. Ka ce na yi kuskure. Ko ita ma sai ta koɗe?"

Babu wanda ya yi dariya, har Hollis ɗin.

Ganinmu na ƙarshe, ya kira ni gefe ya karkata bindigar ga hasken rana. A gefen ƙarfen akwai ɗan wuri da baƙin ya fara yin toka-toka, bai kai faɗin ƙwayar wake ba. Ya shafa shi da yatsa, idonsa na ƙyalli.

"Ka gani? Ya fara. Zuwa kaka mai zuwa."

Wani makiyayi ne ya same shi a gindin turke, a zaune, ya jingina da waya kamar mai hutawa. Zuciya ce. Bindigar na kan cinyarsa.

Darla ta zo jana'iza. Ta rame, furfura ta fara fito mata a goshi. Bayan an watse ta shiga ɗakin baya, na bi ta na faɗa mata komai yadda ya faɗa mini, ban rage ba, ban ƙara ba. Na nuna mata wurin a jikin bindigar. Ta duba, ta kawo shi kusa da ido, ta ɗora yatsa a kai. Ba ta yi kuka ba sai da ta yi ƙoƙarin magana.

"Baba Gus, tafiyar safiya ɗaya ce tsakaninmu. Kullum wayata a aljihu take, ko a wurin aiki. Da ya ce zo, ko bai ba ni haƙuri ba, da na zo a ranar."

Na ce na sani.

"Na ɗauka har ya mutu bai yafe mini ba."



Ta roƙe ni in nemi masu so in raba musu sauran bindigogin, mutanen rami su fara zaɓa. Da na tambaye ta wannan fa, sai ta mayar da ita hannuna a hankali, ta ce in ajiye mata tukuna, ba za ta iya shiga mota da ita ba yanzu. Za ta kira ni in ta shirya.

Bindigar tana gidana, a nannaɗe cikin bargo. Ba na taɓa tsakiyarta. Darla ba ta kira ba tukuna.