Tekun da Na Shanya a Saman Bene

Baba ya ƙare aikinsa yana koyar da labarin ƙasa a firamaren garinmu, can bayan Gusau. Ya zana teku a allo ba adadi, ya koya wa yara sunayen tekunan duniya, amma ruwa mafi girma da ya taɓa tsayawa a bakinsa shi ne madatsar Bakolori. Ranar da zan taho Masar karatun Shari'a, bayan ya gama yi min nasiha a kan salla da abokan banza, sai ya sassauta murya kamar mai roƙon abin kunya, ya ce, "An ce ƙasar tana da teku. In ka je ka gano min."

Na gano masa kuwa. Hutuna na farko na hau jirgin ƙasa daga Alƙahira zuwa Iskandariyya, na ɗauki hotuna da waya har ta cika, na tura wa ƙanwata wadda take zaune da shi. Sai dai kafin lokacin hawan jinin ido ya riga ya kama shi. Idon dama ya tafi, na hagu yana bin sawu. Hasken waya yana kashe masa ido, abin da ke ciki kuma ya yi masa ƙanana. Ƙanwata ta kai hoto ɗaya aka wanko mata babba, ya riƙe shi ya daɗe yana juyawa, sannan ya miƙa mata. Ya ce shi bai ga inda sama ta ƙare ruwa ya fara ba, duk toka-toka ne. Da ta faɗa min, na kasa cin abincin rana.

Daga nan duk kiran da ya shigo daga gida sai gabana ya faɗi. Yau ta ce ya daina gane fuskar mutum sai an yi magana. Gobe ta ce ya yi tuntuɓe da buta a tsakar gida. Likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa jinkiri kawai yake saya masa. Abin da ya rage masa shi ne manyan abubuwa da kaloli masu ƙarfi: yana gane jan bargo a kan igiya, yana gane baƙar ƙofa a jikin farin bango. Ni kuwa ina zaune a unguwar Abbasiya ta Alƙahira, a ɗakin haya a hawa na biyar, ina haddar babin gado, raina yana can.

Wata ranar Asabar na je rumfunan tsofaffin littattafai na wajen Ataba neman wani sharhi. Ban same shi ba. Ina ɗaga tarin littattafai sai ga wani na Turanci, bangonsa ya yage, cike da hotunan zanen wani Ba'amurke da ya yi zamani kusan ƙarni guda da ya wuce. Duk bakin teku ne. Da farko dariya abin ya ba ni, don na ɗauka aikin wanda bai iya ba ne. Duwatsunsa ƙatti ne baƙaƙe, ya zagaye kowanne da layi mai kauri. Ruwan shuɗi ne mai duhu, an shimfiɗa shi gaba ɗaya, inda yake dukan dutse kuma fari ne curi-curi kamar malmalar tuwo. Babu ƙananan igiyoyi, babu ƙyalli, babu mutum ko tsuntsu. Na lallaɓa da ɗan Turancina na karanta bayanin. Abin da na fahimta shi ne mutumin ya bar wa kyamara aikin kwaikwayo, shi nauyin ruwan yake so ka ji. Yakan zubar da duk abin da ba dole ba, ya rage kala uku ko huɗu, ya lafta fentin mai da kauri har ya yi tudu a kan ƙyalle.

Na miƙe hannu da littafin, na runtse ido har komai ya yi min dishi-dishi. Rumfunan suka narke, masu wucewa suka narke, amma dutsen yana nan, ruwan yana nan, farin yana nan. Na ce wannan Baba zai gani.

Hoton littafin bai fi tafin hannu ba, kuma tekun wasu ne. Ni wanda na tsaya a bakinsa nake so in kai masa. Ban taɓa zane ba in ban da taswirar da Baba ya koya mana, amma na gaya wa kaina ai mutumin ma bai wahalar da kansa ba.

Abokin ɗakina ɗan garinmu ne, ya girme ni, ya kammala karatunsa yana shirin komawa gida. Saura mako biyu da 'yan kai jirginsa ya tashi, bayansa kuma ban san wani mai tafiya ba sai hutun ƙarshen shekara. Da ya gan ni na shigo da ƙyalle ɗame a katako, da fenti a 'yan kwalaye irin na man goge baki, sai ya ajiye shayinsa.

"Ya shaikh, lafiya? An turo ka karatun fiƙihu ka koma mai fenti?"

"Babu mai rai a ciki," na ce. "Ruwa ne da dutse. Ka kawo min wanda ya haramta."

"Ni ban ce komai ba. Warin dai nake ji."

Na farko da na yi ya fito kamar an zubar da miyar kuka. Na kankare. Na biyu na cika shi da ƙananan igiyoyi, hannuna ya ƙi yarda ya bar su, da na runtse ido sai komai ya haɗe kamar hoton da aka wanko. A nan na gane mutumin ya wahala, ni ne ban sani ba. Zubar da abu ya fi ƙara shi wuya. Na sake komawa Iskandariyya sammako, lokacin sanyi ne, ruwa yana dukan manyan tubalan siminti na bakin titi yana tashi sama da kan mutum. Ban ɗauki hoto ko ɗaya ba. Na zauna na yi ta kallo da ido a runtse har na san abu uku da zan ɗauka, na biyo jirgin yamma na dawo.

Washegari na ajiye burushi, na ɗauki 'yar wuƙar shafa fenti mai kama da cokalin magina. Baƙi a ƙasa, shuɗi a tsakiya, sama na bar ta da ruwan ƙwai mai haske don ta rabu da ruwan sarai. Farin kuwa na matse kwalinsa gaba ɗaya, na lafta shi ya yi kaurin yatsa. Abokina ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire tabarau, wanda in babu shi ko lambar mota ba ya gani. Ya dubi zanen, sannan ya ce, "Wallahi ruwa ne."

Ranar na yi barci mai daɗi, shi ne na ƙarshe a wannan watan.

Ni abin da na sani game da fentin mai shi ne na ƙofa. A gida in ka shafa da safe, gobe ka jingina da farar riga. Saboda haka da gari ya waye na ɗora yatsa a gefen zanen da ƙwarin gwiwa, yatsan ya dawo baƙi. Na ce sanyi ne. Na kunna masa fanka, muka wuni muna rawar ɗari. Kwana uku babu abin da ya sauya. Na fara zagin mai kanti a raina, na ce ya ga baƙo ya sayar min da jabu.

To, Bahaushe in abu ya ƙi bushewa me zai yi? Shanya. Haka na ga ana yi wa kuɓewa da barkono da rigar da aka wanke tun ina yaro. Na ɗauki zanen a ka na hau saman bene, na shimfiɗa shi tsakanin faifan dish-dish na talabijin ɗin maƙwabta, na danne gefensa da bulo, na tafi lacca da zuciya ɗaya. Da na dawo bayan la'asar na tarar rana ta yi aikinta ta sama kawai. Fentin ya yi fata, fatar ta yamutse kamar saman madarar da ta huce, cikinsa kuwa yana motsi in ka karkata shi. Ƙurar Alƙahira ta kwanta a kan farin ta mai da shi ruwan ƙasa, har da gashin tattabara guda ya liƙe a tsakiyar ruwa.

Na sauko da shi ɗaki. Abokina ya duba a wayarsa, ya karanta, ya kalle ni da tausayi.

"Ma'alish, ya shaikh, yi haƙuri. Wannan ba irin na ƙofa ba ne. Mai kauri haka sai ya yi watanni, kuma ba a sa shi a rana."

"Watanni nawa?"

"Da yawa. Sauri ya haifi nawa."

Na ji kamar in jefa masa wuƙar, ga shi kuma gaskiya ya faɗa. A yammacin ƙanwata ta kira. Ta ce, "Yaya, yau ya tambaye ni wa ya ɗauke bargo daga igiya. Bargon yana nan."

Na zauna a kan tabarma, zanen a gabana. In na jira ya bushe, zai isa gida lafiya ya tarar da wanda ba ya gani. In na tura shi haka, abu kaɗan zai goga shi a hanya ya zama kwaɓaɓɓen laka. Tsoro biyu ne, ban san wanda ya fi ba. Na yi ta tashi ina zama har abokina ya gaji da ni.

"Khalas, shi ke nan," ya ce. "Ni zan kai shi. A hannu, ba a cikin kaya ba."

Na tsince gashin tattabarar da ɗan hantsaki, na kwashe saman farin da ya yi datti, na sake lafta sabo, ina sane da cewa ƙara wa kaina aiki nake. Muka samo kwalin talabijin a ƙasan gida, muka yanka, muka liƙa 'yan katakai a kusurwa huɗu yadda murfin ba zai taɓa fuskar zanen ba. Ranar tafiya na raka shi filin jirgi, kwalin a kan cinyata, duk ramin da mota ta faɗa sai na ji shi a ƙirjina. Na yi masa bayani har ya ƙosa: kada a kifa, kada a jingina, kada a ɗora komai a kai.

"Na ji, na ji. Yalla, koma gida. Ko jariri ne ai an gama wasiyya."

Ya sauka Kano lafiya, sai dangi suka riƙe shi. Wanda ya yi shekaru a waje ba ya wuce gidan kawu da gaisuwar baki. Kullum ina kiransa, kullum yana cewa gobe insha Allahu. Na daina gane abin da malamai suke faɗa a aji. Ina tsoron in kira gida, ina tsoron in ƙi kira.

Ranar da ya isa gidanmu, ina kan hanyar dawowa daga makaranta, a tsakiyar hayaniyar motocin Abbasiya wayata ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne. Na raɓe a ƙofar wani kanti na toshe kunne ɗaya. Ƙanwata ce riƙe da wayar, ga Baba zaune a kan tabarma a bakin zaure inda haske ya fi, ya rame fiye da yadda na zata. Abokina ya durƙusa a gabansa yana yanke igiyar kwalin. Ya ɗaga murfi. Kusurwa ɗaya ta gogu, sauran yana nan yadda na bar shi.

Aka ɗaga masa zanen. Ya juya kansa gefe don idon hagu ya fuskance shi. Ya matso. Ya ja baya. Ya sa aka karkata shi wajen rana.

"Akwai duhu a ƙasa," ya ce a hankali. "Sai wani abu fari-fari a samansa. Mene ne shi?"

"Nan ne ruwan yake dukan dutse, Baba."

"To ruwan kansa fa? Ina yake?"

Shuɗin ya fi komai faɗi a zanen. Yana gabansa, bai gan shi ba. Kafin in ankara ya miƙa hannu yana laluben fuskar zanen.

"Baba, kada ka taɓa, bai bushe ba!"

Ya riga ya taɓa. Yatsansa ya bi ta kan farin, ya zarce cikin shuɗin, fatar ta fashe, ya nutse. Ya janye hannu da sauri, ya tsaya. Sannan ya kawo yatsan dab da idonsa na hagu, har ya kusa taɓa gashin idon, ya juya shi cikin rana. Ya daɗe a haka.

"Wannan kam na gan shi," ya ce. "Ashe haka yake da duhu."

Na juya fuskata ga bangon kantin, don hawaye sun zubo min kuma mutane suna wucewa. Ta cikin wayar na ji ƙanwata tana cewa bari ta kawo tsumma da kananzir ta goge masa, azahar ta kusa, fenti zai hana masa alwala.

Baba bai sauke yatsan ba. Ya ce, "Ki bar min shi har a kira salla."