Gahawar Sallama a Ofishin Jakada

Shekara goma sha tara Zumreta tana dafa gahawa a ofishin jakadancin ƙasarsu da ke Janiba. Jakadu biyar ta gani sun zo sun wuce, ita tana nan da 'yar butar tagullarta da finjalai. Tun lokacin yaƙi aka sauke mijinta Ramiz daga motar haya a wani shingen sojoji, har yau ba gawa ba labari. Ba ta taɓa yarda a kira ta bazawara ba.

A garinsu gahawa uku ake ba baƙo: ta maraba, ta hira, sai ta sallama, tsararo salam, wadda ma'anarta tashi ka kama hanya. Haka take yi a ofis, ba wanda ya sa ta.

A zaman majalisar ƙasashen duniya na bana aka kawo ƙudurin da zai tilasta wa gwamnatoci buɗe takardun mutanen da aka ɓatar. Ƙuri'u sun yi kankankan, sai ƙaramin ofishinsu ya zama kasuwa. Ranar Talata wakilin wata babbar ƙasa ya zo wurin Jakada Mirsad. Tana jera finjalai ta ji abin da ya kawo shi: a ƙaurace wa ƙuri'ar kawai, su kuma za su mara wa Mirsad baya ya sami kujerar da ya daɗe yana hari. Mirsad bai ce a'a ba. Dariya ma ya yi.

Ta koma kicin, ta tsiyaye ta maraba a kwata, ta ƙara ruwa a kan dusar gahawar. Ita, ta sallama, ta fara kawowa. Baƙo ya kurɓa ya yaba, wai ba ta da nauyi a ciki. Mirsad ya dubi finjalinsa, kunnuwansa suka yi ja.

Da baƙo ya tafi Mirsad ya same ta tana wanke-wanke. Teta yake kiranta, wato inna a yarensu.

"Teta Zumreta, yau wa kika kora?"

"Ɗana, baƙo ai bai iya karatun finjali ba."

"Ni ke nan."

"Kai ka faɗa. Uwarka ta ba ka irinta ko sau ɗaya?"

"Ba ni ke yanke hukunci ba, Teta. Daga gida umarni ke zuwa."

"Daga gida kujerar ma za ta zo?"

Ya ɗauki ƙwayar sukari ya jefa a baki, ya fita.

Ranar Juma'a ƙasarsu ta kaɗa ƙuri'ar amincewa, ƙudurin ya wuce da ƙyar. Sakatarori na raɗe-raɗin wai wata ƙasa ce ta yi wa Mirsad tayin da ya fi na farko tsoka. Ba ta tambaya ba.

Ta zaci za ta yi murna. Sai ga shi ta nemi kujera ta zauna. Muddin takardu na rufe, Ramiz mutum ne da ya yi jinkirin dawowa. Yanzu wata rana waya za ta yi ƙara, wani ma'aikaci mai ladabi ya karanta mata sunan wani ramin da aka binne shi.

Ta goge hannu, ta kira 'yarta Elvedina.

"Jinin nan da suke ta nema don gwada ƙasusuwan da aka tono, wanda na hana ki bayarwa. Je ki ba su."