Ƙawar Umma da Finafinan Allolinta

Shekarar da Baba ya rasu na ɗauko Umma daga Kano na kawo ta gidanmu a Levenshulme, wata unguwa a birnin Manchester, can ƙasar Turawa. Ni asibiti, maigidana ofis, yara makaranta, in sun dawo kuma Turancinsu ko ni sai na kasa kunne. Haka Umma take wuni a bakin taga da carbi, tana ramewa a kan idona.

Bango ɗaya ya raba mu da wata tsohuwa 'yar Indiya, ita ma mijinta ya mutu. Umma kuwa tun tana budurwa take kallon fim ɗin Indiya, har tinƙaho take wai ta iya yarensu. Ranar da suka haɗu wajen shanya ta zazzage wa matar duk abin da ta haddace. Tsohuwa ta yi ta murmushi, ko kalma ba ta gane ba. Ɗanta ne daga baya ya bayyana mini cewa su mutanen kudu ne, yarensu Kannada, ba Hindi ba. Umma ta taɓe baki ta ce, "To wannan ai ba 'yar Indiyar gaske ba ce." Washegari da hantsi tana gidan tsohuwar.

Finafinai suka haɗa su, tsofaffi marasa launi, waɗanda aka yi tun matar tana yarinya. Ba irin na Umma ba ne na soyayya da rawa a lambu. Labaran allolinsu ne: sarki mai kawuna da yawa, biri mai tashi sama ɗauke da dutse, kibau biyu da za su yi ta tafiya a iska kafin su yi karo. Fadar sarkin ma zane ce a jikin labule, in an gifta sai ka ga ta motsa. Tsohuwa takan cire takalmi, ta kunna turare, in abin bautarsu ya bayyana ta haɗa tafukan hannu. Umma sai ta kau da kai tana istigfari, sannan ta juyo da sauri kar a wuce ta. In la'asar ta yi, tsohuwa da kanta take tsayar da fim ta shimfiɗa wa Umma tawul mai tsabta ta yi sallah.

Kullum wajen cin abinci sai Umma ta ba mu labarin abin da ta kalla, rabi ta gani, rabi ta ƙirƙira. Maigidana ya same ni a kicin ya ce, "Ki yi wa Umma magana, please. Gumaka ne fa, it's not right." Na yi mata. Ta dube ni ta ce, "Kallo nake zuwa yi, ba bauta ba. Ku samo mini wanda zan wuni da shi, sai in daina." Ba mu da shi. Ni dai a raina murna nake, don Umma ta koma cin abinci.

Ana haka tsohuwa ta faɗi a bene, ɗanta ya mayar da ita wajensa a Sparkbrook, can Birmingham. Mun je duba ta. Ta ƙanƙance sosai. Aka sa musu fim, bai yi nisa ba barci ya ɗauke ta, Umma ta ci gaba da kallo tana matsa mata ƙafa. Ba a daɗe ba ɗan ya kira ni ya ce ta rasu.

Umma ta ce haƙƙin maƙwabtaka ne, dole mu je ta'aziyya. Ta yi waina da miyar taushe babu nama, don ta san gidan ba sa ci. A hanya ta tambaye ni inda za a binne ta. Na ce ƙona ta za su yi. Ta ce, "Na sha gani a fim ɗinta. Ban taɓa kawowa har da ita ba."

Mun tarar da hotonta an rataya masa furanni, da 'yar fitila a gabansa. Umma ta zauna a ƙasa kamar yadda ake yi a gida. Ɗan ya durƙusa gabanta idonsa jajir. Ta ce, "Sannu, ɗana. Ya haƙuri? Allah ya ji..." Sai ta tsaya. An koya mana tun muna yara cewa ba a nema wa wanda ya mutu ba Musulmi ba gafara, kuma Umma ba ta san wata kalmar da ake wa mamaci ba sai ita. Ɗan ya tambaye ni me ta ce. Na ce masa tana taya shi baƙin ciki ne. Raina ya yi matuƙar ɓaci a wurin nan, kuma ban san da wa zan yi fushi ba.

Sai da muka hau babbar hanyar Manchester Umma ta yi magana.

"Ke da kika yi karatu, babu addu'a ko guda da ya halatta in yi mata?"

Na ce zan tambayi malamai.

Ta ce, "Bari, kar ki tambaya. Na san abin da za su ce." Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, na ci gaba da tuƙi ina jin kukanta.