Rashin Lafiyar Abokin Gaban Baba

Babana bai taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin bayan gidanmu na Gumel girma ba, amma da tsufansa ya zama kwamandan jiragen yaƙin teku. Dillalin shanu ne a kasuwar Maigatari, har ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Abin da ya rage masa sai dara, kullum la'asar a gindin darbejiya, shi da wani amininsa na ƙuruciya, suna yi suna zagin juna. Da aminin ya rasu, Baba ya daina fita, ya koma zaman zaure yana faɗa da kajin Inna.

Ana cikin haka na dawo hutu da kwamfuta, a cikinta akwai wani wasa da ake ba ka rundunar jiragen ruwa ka kara da ta abokin gaba. Baba ya leƙa sau ɗaya don ya yi min faɗan ɓata lokaci, daga nan kujerar ta zama tasa. Ya koyi riƙe linzamin kwamfuta, ya kuma raɗa wa jiragen suna. Manyan bijimai ne, ƙananan maruƙa, wanda yake nutsewa ƙarƙashin ruwa kuwa munafuki yake ce masa, bai taɓa yarda ya yi aiki da shi ba. Dabararsa guda ce: ya tattara su garke ɗaya ya kora, kamar mai kai su kasuwar kara ranar Alhamis. Abokin gaba kuma ya yi ta nutsar da su ɗaya bayan ɗaya.

Na gaji da gaya masa cewa babu mutum a ɗaya ɓangaren, na'ura ce kawai. "Na'ura ce ta san ta ɓoye a bayan tsibiri ta jira ni?" in ji shi. "Rabu da ni, na san mutumina."

Matsalar ita ce Baba yana da hawan jini, kuma likita ya hana shi ɓacin rai. Shi kuwa duk bijimin da ya nutse sai ya miƙe tsaye da salati, hula a hannu, jijiyar wuya a tashe. Inna ta kira ni madafi. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana.

"Kai, ko ka kashe abin nan, ko ka sa ya riƙa ci. Ni ba zan yi takaba a kan kwale-kwale ba."

Kashewa ba ta taso ba, don tun rasuwar amininsa ba mu ga ya ci tuwo da marmari ba sai yanzu. Da ya tafi masallaci na shiga cikin fayilolin wasan, na tarar da wani da yake buɗewa kamar takarda, layi-layi da lambobi: ƙarfin igwar abokin gaba, taurin jikin jirginsa, gudunsa. Na ajiye kwafin na asali a gefe, na hau ragi. Hannuna dama ba shi da awo, ko gishiri aka ce na zuba sai an yi da-na-sani. Na rage igwar nan har ta koma kamar tarin akuya.

Da farko abin ya yi kyau. Baba ya ci, ya sake ci, ya aika aka sayo tsire, ya ba mai shayin bakin titi labari har da ƙari. Inna tana ta hararata da murmushi. Amma ba a jima ba zauren ya yi tsit. Wata la'asar na shiga na tarar ya kewaye jirgin abokin gaba guda ɗaya da garkensa duka, ya janye hannu daga linzami ya zuba tagumi.

"Baba, ai harbi ya rage."

"Mutumin nan ba shi da lafiya," ya ce. "Dubi yadda yake jan jiki. Ba a dukan majinyaci."

Dariya ta taso min, sai na ga idonsa ya kaɗa.

"Haka marigayi ya fara. Na yi ta cinye shi a dara, ina tsalle ina masa dariya, ashe ciwo ne yake cinsa bai faɗa ba." Ya share fuska da hannun riga. "In da abin da za ka iya yi masa, ka yi."

Yana tashi alwala na mayar da fayil ɗin asali, ban taɓa ko lamba ɗaya ba.

Bayan magariba ya kora garkensa kamar kullum. Kafin ya gyara zama, an nutsar masa da babban bijimi, maruƙan suka bi baya. Baba ya zabura, hula ta faɗi ƙasa.

"Alhamdu lillahi! Ya warke! Ɗan banza ya warke!"

Inna ta shigo da ƙwayar maganinsa da kofin ruwa. Ta dube ni, ta dubi tsohonta yana dariya yana yi wa kwamfuta daƙuwa, sai ta miƙa masa kofin.

"Ungo, Alhaji, sha. Ka ce ina yi masa barka da samun sauƙi."