Ƙusa a Saitin Ido

Mai Ƙusa ake ce masa a zauren baje kolin zane-zane, don aikinsa ke nan tun yana da baƙin gashi: masu zane su zana, shugabar zaure ta zaɓa, shi ya rataya. Ƙa'idarsa ɗaya ce, tsakiyar hoto ta zo daidai idon mai kallo. Ko awo ya daina yi. Sai ya tsaya, ya ɗiga fensir a bango saitin idonsa, ya buga ƙusa. Ga shi dogo, tubarkalla, kamar falwaya.

Da ɓarin jikin matarsa ya shanye, bai yi kuka ba, bai kuma yi sakaci ba. Ya ɗaga ta, ya yi mata wanka, ya tura kekenta zuwa asibiti wajen gashin ƙashi. Komai a kan lokaci, amma fa daga tsaye. Tsakar kanta ya sani, da ƙullin ɗankwalinta. In likita ya tambaye ta jiki, shi ke amsawa ta saman kanta. Ita ma ta gaji ta rage magana, gidan ya koma ba ka jin komai sai ƙarar firij. Shi kuwa, wallahi, ko zafi ko sanyi ba ya ji.

Ana nan sai shugabar zaure ta kawo shiri: za a baje zanen masu zama a keken guragu, ko hukuma ta ji kunya ta gyara matattakalar ofisoshinta. Har da na matarsa, tagar kicin ɗinsu da ta zana da hannun hagu. Mai Ƙusa ya rataye su kaf yadda ya saba. Sabo turken wawa!

Ranar buɗewa kekuna suka shigo a jere. Masu zanen suka yi ta ɗaga wuya, ba abin da suke gani sai gindin firam da ƙyallin fitila a gilashi. Shugabar ta dafe kai. "Innalillahi! Ni ma a tsaye na duba."

Matarsa ta ja gefen rigarsa da hannunta mai lafiya.

"Malam, ina nawa?"

"Ga shi nan a gabanki."

"A gabanka dai."

Ya zaro fensir daga bayan kunne. Kafin ya sami saitin idonta, dole ya durƙusa gefen keken, gwiwa na ƙara. Ya juya ya duba inda idon yake. Ashe furfura ta fito mata a gira. Ashe bakin da ya karkace ya ɗan dawo, bai san yaushe ba.

Ita ma kallonsa take yi, a natse.

"Ka rame," ta ce. "Wa ke kula da kai?"

Ya kai fensir bango zai ɗiga, ya kasa. Ƙwalla ta cika masa ido, bangon duk ya yi masa dishi-dishi.