Maikuɗi Mahauci da Ungulun Kwandiko

A shekarar 1978 na fara haɗuwa da Maikuɗi, lokacin da aka turo ni Gwaram daga Birnin Kudu a matsayin duba-gari. Na je kwata da farin wando da dogayen safa, yadda aka horar da mu a makarantar mishan, na ce masa ƙafar saniyar da ya rataye ba za ta sayu ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, saniyar ce ba ta da lafiya ko safarka ce ta matse ka?" Na ƙwace naman duk da haka. Washegari ya gaishe ni kamar ba a yi ba, kuma tun daga nan muke tare.

A wancan zamani ungulaye ne ke share kwata. Suna layi a kan katanga, ana watsa musu hanji, kafin hantsi wurin ya yi fes. Daga baya suka yi ta raguwa, saboda masu sayen kawunansu don tsibbu, har aka haifi yaran da ba su taɓa ganin ko ɗaya ba.

Bara da rani Maikuɗi ya zo gidana a babur, ko gaisawa ba mu gama ba ya miƙo mini waya. Ya je sayen akuya a bayan Kwandiko, ya hangi sheƙa a ƙololuwar wani maɗaci a gonar wani manomi mai suna Dabo, da ungulaye biyu a kai, ya ɗauke su hoto. Da ya ba da labari a kwata, Sarkin Pawa ya ce, "Maikuɗi, tsufa ya fara nuna maka 'yan'uwanka a sama." Mahauta suka yi ta dariya.

Mai cajin waya ya saka masa manhajoji biyu masu faɗin sunan tsuntsu ko tsiro daga hoto, amma da Turanci suke, shi ya sa ya zo. Na karanta masa su a tsanake. Ta farko ba ta buƙatar sabis, ba ta gaya wa kowa abin da ka ɗauka, sai dai tana yawan kuskure. Mun gwada ta da hoton, ta ce talotalo ne. Ta biyu tana aika hoton ga masana a ƙasashe su tabbatar, sa'an nan ta ɗiga alamar wurin a taswira, kowa ya gani. Na ja hankalinsa a kan wannan ɗigo.

"Ai shi nake so," in ji shi. "Bari duniya ta shaida, in ga bakin Sarkin Pawa."

Muka aika hoton, masana suka tabbatar ungulu ce, har wata mata daga wata ƙasa ta rubuto tana murna. Maikuɗi ya bi rumfa rumfa yana nuna wa mutane. Wani ya tura hoton da taswirarsa a zauren wasaf na gari, daga nan ba wanda ya san inda ya kai. Kafin kasuwa ta zagayo, Dabo ya tsinci gawar ungulu ɗaya a gindin maɗacin, an harbe ta, an yanke kan. Ɗayar tana sama, kwance a kan ɗan tsako.

Ranar da Maikuɗi ya dawo wurina bai zauna ba. Ya ce, "Malam Abdulsalami, goge mini wannan mai surutun. Bar mini mai cewa talotalo. Da jahilin da ke riƙe baki zan zauna." Na cire hoton daga taswira, na goge manhajar, na kuma gaya masa gaskiya cewa wanda ya riga ya ga wurin ya gani.

Ba a daɗe ba wani dillali mai suna Haladu ya same shi a kwata, ina wurin. Ya ce akwai masu son ɗayar da ɗan tsakon, kuma tunda Maikuɗi ne ya gano su, za a ba shi rabonsa in ya lallashi Dabo ya bari a hau bishiyar.

Maikuɗi bai daina wasa wuƙa ba. Ya ce, "Kan ungulu me yake yi wa mutum, Haladu?"

"Sa'a yake kawowa, Baba."

"To ita da take ɗauke da shi tun haihuwa, wace sa'a ta gani?"

Mahauta suka fashe da dariya. Haladu ya ce tsuntsu na Allah ne, ba na mahauci ba. Maikuɗi ya ajiye wuƙar ya ce, "Na Allah ne, shi ya sa ba naka ba ne. Ka gaya wa waɗanda suka aiko ka, duk wanda zai hau maɗacin nan sai ya taka kafaɗata."

Ya je wurin mai gari, ya je wurin ma'aikacin gandun daji, ya sa Dabo ya kewaye gindin bishiyar da ƙaya. Ya bar wa ƙaninsa teburin nama da rana, shi kuma ya koma zama a inuwar maɗacin da carbi da buta. Ciniki ya ja baya. Aka sa masa suna Sarkin Ungulu, yara suna kiran sunan in ya wuce, shi kuma yana ɗaga musu hannu kamar mai sarauta. Ni ma an ce na zubar da girmana da na riƙa kai masa ziyara. Ban daina ba.

Abin da ya dame ni shi ne, uwa ɗaya ba ta iya gadin sheƙa ta kuma tafi neman abinci mai nisa. Na zaci tsakon zai mutu ko ba a hau bishiyar ba. Amma gab da faɗuwar damina Dabo ya aiko cewa tsakon ya tashi, an gan shi yana kewaya gona a bayan uwarsa.

Da na je, na tambayi Dabo yadda aka yi ta ciyar da shi ita kaɗai. Ya kai ni wani fako a ƙarshen gonar, ya nuna mini ƙasusuwa da busasshen tumbi. Ya ce tun ranar da aka kashe ɗayar, kullum Maikuɗi sai ya zo da kayan ciki a leda daga nasa kason, ya zube a nan, ya koma gindin bishiya. Ya roƙi Dabo kada ya faɗa wa kowa. Da Dabo ya tambaye shi dalili, cewa ya yi, "Ni na nuna gidanta aka kashe mata miji. Cefanen ya dawo kaina."